Jana'izar Yayan Akta

Ni sana'ata turi. In ka sauka a tashar Ƙafin Maiyaki ka ga wani shago da wayoyi a jere kan caji kamar kifin banda, to nan nake. Ka kawo waya ko memori in zuba maka fim mai fassarar Hausa, na Indiya ne, na 'yan Chana masu tsalle ne, ko na Turawan nan masu tashi sama da matsattsen wando. Boko a aji uku na ƙaramar sakandare na tsaya. Ba kora ta aka yi ba, ni na kori makarantar. Amma karatun Hausa ina yin sa kamar ruwa, kuma shi ne ya ja mini abin da zan ba ku labari.

Ina da taubashi, ɗan Goggo yayar babanmu. Gidan masunta aka kai ta aure, irin mutanen nan da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye garinsu tun ba a haife mu ba, aka zaunar da su a sabon wuri. Shi ne ɗanta na fari. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka bawana ne duk da ya girme ni, kuma ban taɓa bari ya manta ba. Ranar kasuwa in ya gama sayar da kifinsa sai ya shigo shago ya zauna, ni kuma in toshe hanci in ce wa yara su tashi su ba karfasa wuri. Shi kuwa ya ce bai taɓa ganin ubangidan da ko kaza ba shi da ita ba sai ni. Sai mu kunna fim.

Akwai wani fim da ya shiga ransa, na wasu 'yan'uwa biyu. Ƙaramin shi ne akta, ƙarfe ba ya cin sa, ga surutu. Babban ba ya magana sosai, ƙarfi ne da shi irin na hauka. A ƙarshen fim bos ya tsaga wani dutse zai danne gari, babban ya shiga ƙarƙashi ya tokare shi da bayansa har mutane suka gama ficewa, sannan dutsen ya zauna a kansa. Ko ɗan yatsansa ba a samu ba. Suka ɗauki akwati babu kowa a ciki suka binne, suna tsaye da baƙaƙen kaya ana ruwa. Taubashina ya sa na maimaita masa wurin nan har na gaji. Ya ce shi babban ne aktansa, ƙaramin ɗan cika baki ne kamar ni. Na ce to ai daidai ne, bawa ya mutu ubangida ya ci gaba da fim.

Da damina ta yi nisa ya fita da safe duba kallinsa, ragar kifin da ya kafa a ruwa, iska ta taso a kan ruwa. Da rana aka ga kwale-kwalensa a kife. Masunta suka bazu, aka kira na wasu garuruwan, masu nutso suka yi iya yinsu. Aka ce a jira, ruwa yana dawo da mutum. Muka jira a bakin dam ɗin nan har muka fara jin kunyar juna. Ruwa bai dawo da shi ba.

Aka yi zaman makoki babu gawa. Ban taɓa ganin abu mai wuyar zama irin wannan ba. Mutum ya zo gaisuwa ya ce ya haƙuri, sai ya rasa abin da zai ɗora, don ba a ce an kai shi ba. Malamai suka ce wanda ruwa ya ci shahidi ne, kowa ya ce haka ne. Goggo kuwa kun san karar ɗan fari. Tun yana raye ba ta faɗar sunansa, sai dai ta ce wancan, ko yaron nan, in ya shigo ɗaki ma kanta a ƙasa. To da ya tafi ma haka ta riƙe. Ƙannensa suna birgima, ita tana zuba wa baƙi ruwa. Mata suna ta yaba mata, wai dattijuwa ce ta gaske. Ni dai na ga irin riƙon da ta yi wa moɗa.

Yana da ƙanwa mai bi masa, tana aure a Doguwa. Ita ta yi karatu fiye da mu duka, kuma tana rubuta littafi a waya tana sakawa a gurup ɗin mata, yau feji ɗaya, jibi biyu, in sabis ya yarda. Soyayya take rubutawa, ni kuma ina ce mata duk mazajen littafinta 'yan daudu ne, kullum suna kuka. Bayan rasuwar da 'yan watanni ta kira ni ta ce in aiko mata da fim ɗin da yayanta yake so. Na zuba a memori na ba wani direba. Ban ji daga gare ta ba sai da na ga ta jefa ni cikin gurup ɗinsu, ni kaɗai namiji kamar zakara a akurki. Ta fara sabon littafi, kuma fim ɗin ne ta mayar Hausa.

Da farko bin sa take sau da ƙafa, sai dai ta sa musu kayanmu. Garin ya koma irin namu, da kasuwa da masallacin Juma'a. Akta yana cin ɗanwake. A fim ba su da uwa, ita ta yi musu, wata mata marar magana mai bandar kifi. Da na ga wannan ban tsokane ta ba. Har aka zo wurin dutse. Ya shiga, ya tokare, mutane suka fice, dutse ya zauna. Na ce to sai akwati. Sai feji na gaba ya zo, ashe ta ƙarƙashin dutsen akwai rafi, ruwa ya ja shi ya fitar da shi can wani daji, wasu Fulani masu kiwo suka tsince shi da karayar baya, da ransa.

Na kira ta na ce baiwa, wa ya ba ki izinin gyara wa Turawa aiki, mutanen da suka kashe dukiya suka kashe mutumin nan ke ki tashe shi da datar ɗari biyu. Ta ce fim nasu ne, littafi nata ne, in ban so in fita daga gurup. Ban fita ba.

Yadda abin ya kai kunnen Goggo, wata matar maƙwabta ce mai waya ta ce mata 'yarki fa tana wani littafi da ya haɗa mata kuka. Ran da na je gaishe ta, ta bari na gama cin abinci sannan ta yi maganar. Sunan kakanmu na ci, mahaifinta ke nan, saboda haka ni ma ba ta faɗar sunana.

"Babana, an ce yarinyar nan tana wani karatu a waya. Kai da ka iya, ba ka jiyar da ni ba?"

Daga nan ya zama mini aiki. Ranar da ba kasuwa sai in bar wa abokin aikina shago bayan azahar, in ari babur in tafi. Tana zaune tana fere kifi ko tana juya banda, ni ina kan turmi da waya. Da muryar masu fassara nake yi mata, in bos zai yi magana in kumbura wuya, in akta ne in yi ta rashin kunya. Tana dariya har ta sa gefen mayafi a baki. Wuraren faɗa ba su dame ta ba, in an daɗe ana doke-doke sai ta ce in tsallake. Babban kawai take jira. In aka zo kansa sai wuƙar ta tsaya.

Tambayoyinta ne suke kashe ni. Fulanin nan suna ba shi abinci mai nauyi kuwa, ko nono kawai? Wa yake wanke masa kaya? Da sanyin nan yana da abin rufa? Wata rana ta ce ai irinsu ba sa faɗar inda yake musu ciwo, sai dai ka ga suna cin abinci kaɗan. Ta faɗi wannan tana kallon kifi. Matar da tun da nake ban taɓa jin ta yi zancen ɗanta na minti ɗaya ba, ga ta tana yini a kan ɗan wata. Ni kuma duk abin da ta tambaya sai in kira Doguwa in faɗa, feji na gaba sai ka ga an ba shi bargo, an dama masa fura, wata tsohuwa ta wanke masa riga. Goggo ta ce Allah ya yi wa tsohuwar nan albarka.

Ana haka na biyun fim ya fito, aka fassara, ya iso mana. A can babban ya mutu murus. Ƙaramin ya zama mugu saboda baƙin ciki, ya daina dariya, ya auri wata mai harbi da ido, ya tafi neman fansa. Yaran shago suka haukace a kansa. A littafi kuwa ƙaramin yana nan da surutunsa yana neman yayansa gari gari, mai harbi da ido ba a ma san da ita ba. Wanda ya zama bos a na biyun, a wurin 'yar Goggo maɗori ne mutumin kirki, shi ya ɗora wa babban baya. Kowace hanya ta kama gabanta, kullum ƙara nisa suke, tun ana iya cewa nan ne suka rabu har ya zama sunaye kawai suka haɗa su. Matan gurup da mazajensu suka nuna musu fim suka fara ƙorafi, wai marubuciya ta saki layi. Wata ta ce an yaudare ta. Na shiga na ce musu hajiyoyi, wadda take son na Turawa ta kawo memori, shagona a buɗe yake.

Ni ne dai a tsakiya. Da safe in tura wa mutane fim ɗin da aka binne akwatinsa, da la'asar in je in karanta ya tashi ya fara takawa da sanda. Har na saba. In ina kan babur na wuce gonakin rani na hango ruwa, sai in ji kamar na tsallaka wata ƙasa inda dokar ta bambanta.

Sai dai akwai abin da na lura da shi, ita ma Goggo ta lura. Mutumin nan ya warke, ya kama hanyar gida, amma ba ya isowa. Yau gada ta karye, gobe ya tsaya ceton wani ƙauye, jibi zazzaɓi. Na ce wa marubuciyar wannan wane irin mai ƙarfi ne, ko jakin Kano da ya iso. Ta yi dariya kaɗan, sannan ta ce ta sha zama za ta rubuta shigowarsa gida, in ta kawo shi bakin ƙofa sai hannunta ya ƙi. Ba ta san me zai ce ba. Ba ta san me uwar za ta yi ba. Ta ce amma ba za ta bar shi ya mutu ba, don shi ne yake riƙe da Inna, wato Goggo. Na ce haka ne. Mu biyu mun gama yarda da wannan, ba wanda ya tambayi Goggo.

Ita kuwa tana ta ramewa. Ƙananan yaran gidan suka gaya mini kullum da hantsi sai ta je bakin ruwa, wai neman itace, ta dawo hannu rabbana. In baƙin masunta suka sauka daga wani gefen dam sai ta aika musu da abinci, ta tsaya daga nesa tana jin hirarsu. Rannan wani mai kai kifi ya ce ya ga wani taɓaɓɓe a kasuwar Tudun Wada, dogo baƙi, kamar taubashina. Ba ta ce in je ba. Ta dai ce ko ina da wani uzuri ta wajen. Na ce ina da shi.

Na je. Duk hanya ina zagin kaina, ina cewa kai ma ka zama mace, amma zuciyata tana bugawa kamar injin markaɗe. Har na shirya abin da zan ce masa, zan ce bawa ya gudu an kamo shi. Na same shi a bayan 'yan tumatir yana cin ɓawon rake. Ta baya kam sai ka rantse. Da ya juyo, wani dattijo ne mai furfura. Na saya masa shinkafa da wake na zauna kusa da shi har ya cinye. Da na koma na ce wa Goggo ba shi ba ne, ta ce to, ta tambaye ni ko hanya da kyau.

Na gaya wa ƙanwarsa. Ta ce shi ke nan, wannan karon za ta kawo shi gida ko me zai faru, Inna ta ji daɗi ko a littafi ne. Ta turo feji mai tsawo. Na tafi da shi da murnata, har da tsarabar goro. Na zauna kan turmi na gyara murya. Babban ya hau tudu, ya hango hasumiyar masallacin garinsu, ya ji ƙanshin hayaƙin banda, ya fara sauri. Ina cikin zuba sai ta ce in dakata. Ta ajiye wuƙa ta wanke hannu, abin da ba ta taɓa yi ba a tsakiyar aiki.

"Babana, a wurin masu abin, su da suka fara yin sa, yaya aka yi da shi?"

Na ce ai Goggo nasu shirme ne, Turawa ba su iya labari ba. Ta ce ba wannan ta tambaye ni ba. Ashe yaran gidan sun daɗe da kallon fim ɗin a wayar maƙwabta, ta ji suna gardama. Na rasa ta inda zan zille, ni da ake cewa bakina ya fi babur gudu. Na gaya mata. Dutse ya danne shi, ba a same shi ba, suka binne akwati.

"Babu kowa a ciki?"

Na ce babu.

"Ba su wanke shi ba ke nan."

Hayaƙi yana ta shiga mini ido, na ji daɗin hakan. Sannan ta yi magana a hankali, kamar tana ba da saƙon cefane.

"Ka ce wa yarinyar nan ta bar wahalar da bawan Allah. Kullum yana hanya, kullum yana hanya, ni ma ba na barci. Rai ba a hannunta yake ba. Amma likkafani ai tana iya ba shi. A kawo shi gida, a wanke shi, uwarsa ta ga fuskarsa, a sa shi inda za a ce ga shi nan."

Na tsaya a bakin hanya na kira Doguwa. Ta ce ƙarya nake, irin wasan banzan da na saba ne. Na rantse. Sai ta hau ni da faɗa, ni na gaya wa Inna zancen fim, ni mai bakin tsiya, ruwa ya kashe mata ɗan'uwa yanzu kuma ana so ta kashe shi da hannunta. Na bar ta ta gama, don ni ma abin da nake ji ke nan. Ta kashe waya. Gurup ya yi tsit na tsawon lokaci, mata suna ta turo alamar tambaya. Ni kuma na daina zuwa wurin Goggo, don ban san me zan je da shi ba.

Wata safiya ina share shago sai ga kiran marubuciyar, murya a dashe. Ta ce ta rubuta har inda ta sani. Tsohon ciwon bayan ne ya tashi a kan tudun, ya kwanta a gindin wata ɗorawa, Fulanin da suka rako shi suka ɗora shi a amalanke suka shigo da shi gari. An yi wanka, an yi sutura, uwar ta gan shi, maza sun ɗauki makara sun fita. Daga nan ta tsaya.

"Ni mace ce, ban taɓa zuwa maƙabarta ba. Daga ƙofar gida ban san komai ba. Kai za ka gaya mini."

Ban taɓa tunanin wannan ba. Duk mutuwar da aka yi a danginmu, iyakar mata kuka in an ɗaga makara, sauran mu muke gani. Na ce mata yau dai ilimi ya dawo wurin 'yan aji uku. Ba ta yi dariya ba, ni ma ban ji daɗin faɗa ba. Na shiga bayan shago na zauna a kan jarkar mai, na fara. Yadda ake jera sahu a ƙofar gida a yi salla a tsaye. Yadda ake karɓa-karɓar makara a hanya, kowa yana so kafaɗarsa ta taɓa, ana sauri ba a gudu. Ramin babba ne, a cikinsa akwai ƙarami daidai mutum. Na kusa da shi su suke sauka su karɓe shi, a kwantar da shi a kan damansa yana kallon gabas. A jera itace a kai, a toshe kafofi da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa don kada ƙasa ta zubo masa, sannan kowa ya sa hannu a tura. Tana ta tambaya, ƙasar da sanyi ko da zafi, ana magana ko shiru ake yi, wa yake fara tafiya. Ta ce a littafin wa zai sauka ramin. Na ce ƙaninsa mana, mai cika bakin. Daga nan ban iya ci gaba ba, har katinta ya ƙare.

Ran da zan karanta na aika wa Goggo tun da safe. Na same ta ta yi wanka ta ɗaura zane mai kyau, babu kifi a gabanta. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce yau ba a kan turmi ba. A gefe na ga ƙwarya an rufe da faifai. Na karanta da muryata ta gaske, wadda ban cika amfani da ita ba. Amalanke ya shigo gari, mutanen da ya ceta suka fito suna bin sa. Aka shigar da shi. Uwar ta zo ta ɗaga mayafin, fuskarsa lafiya lau, babu ƙwarzane, kamar ya dawo daga aiki ya kwanta. Goggo ta ce in sake wurin. Na sake. Ta ce in ƙara.

Da aka zo maƙabarta ta matso kusa, don ita ma ba ta taɓa ji dalla-dalla ba. Ta tambaya ko an sa masa itace mai kyau, na ce mai kyau, sabon sara. Ina zuwa inda ƙanin ya sauka ya karɓe shi ya gyara masa kwanciya, sai rubutun ya narke mini. Na goge ido na sake gwadawa, ya ƙi. Ni da na zo in riƙe tsohuwa, sai ga ni na kifa kai a gwiwa ina yi kamar an yanka ni. Tun ranar kwale-kwale ban yi ba, ina ta ba mutane dariya a wurin makoki. Ta bar ni na yi mai isata, hannunta a bayana. Ita nata hawayen zuba kawai suke, ba sauti. Sannan ta ce in daure in ƙarasa, ba a barin mutum a rabin rami.

Na ƙarasa. Aka tura ƙasa, aka yi addu'a, aka watse. Ta shafa fuska.

"Allah ya ji ƙansu, su duka biyun."

Ta buɗe ƙwaryar, gumba ce ta daka. Ta kira yaran unguwa ta raba musu sadaka. Suna ta tambayar wa ya mutu.

Gurup kam ya watse. Wasu suka ce an ci amanarsu, sun bi mutum wata da watanni an kashe musu shi a bakin gari. Wasu suka ce da ma haka za a yi ai gara na fim. Ita marubuciyar kuwa tun daga nan ba ta sake saka ko layi ɗaya ba, har soyayyar. Goggo ta daina zuwa bakin ruwa. Jikinta ya ɗan dawo, tana barci, in an ambaci masunta ba ta ɗaga kai. Ina zuwa gaishe ta, mu yi hirar gona da tsadar gishiri, sai dai hirar ba ta tsawo. Ta samu abin da take nema. Ni ne ban san ina da abin da za a karɓe mini ba sai da aka karɓe. Yanzu in na hango ruwan nan daga kan babur, ruwa ne kawai.

Bana na ukun ya iso. Na kunna a shago don in duba ko fassarar ta fita, yara sun cika har waje. Ana tsakiyar faɗa, an kusa gamawa da ƙaramin, sai sama ta tsage, wani ya diro. Babban ne. Wai daga wata duniyar aka ɗauko shi, inda dutsen bai taɓa faɗowa ba. Shagon ya ɗauki ihu, wani yaro har da hawa benci. Na ce wa abokin aikina ya kula da wayoyin mutane, na fita na tsaya wurin mai rake. Ina tura wa duk wanda ya kawo memori, sana'a ce, amma ban kalli ƙarshensa ba.

Labari ya kai Doguwa. Ta kira ni da yamma ina rufe taga, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce da gaske ne sun dawo da shi. Na ce da gaske ne.

"Yaya ka gan shi?"

Na ce ya yi ƙiba, da alama can duniyar akwai abinci. Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ƙarshe ba. Na ji tana jan hanci, yaronta yana kuka a bayanta. Ta ce ya yi wa ƙanin nasa magana da ya sauko? Na ce ban tsaya na ji ba. Ta ce ita ma kada in aiko mata, kuma in ja wa yaran gidan kunne kada Inna ta ji. Na ce an gama. Muka riƙe waya, ina jin iskar garinsu, har sabis ya ɗauke.